Wane Ɗan Wane? Yadda Ragar Alaƙa Ke Hana Na'ura Shaci-Faɗi

Ga wata tambaya da ɗalibin tarihin Sakkwato zai amsa ba tare da ya buɗe littafi ba: mece ce alaƙar wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Usman ɗan Fodiyo? Amsar ita ce surukinsa ne. To amma lura da hanyar da aka bi. Sai da aka tuna cewa wazirin Bello shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, sannan aka tuna Giɗaɗo mijin Nana Asma'u ne, sannan aka tuna Asma'u 'yar Shehu ce. Taki uku, kuma kowane taki ya dogara ga wanda ya gabace shi.

A ce waɗannan bayanai uku suna warwatse cikin littattafai uku, babu shafi guda da ya tara su. Mutum zai haɗa su a kansa cikin ƙiftawar ido. Na'urar da aikinta shi ne neman shafin da ya fi kama da tambayar kuwa, sai ta kawo shafin da ya ambaci wazirci, ko wanda ya ambaci Shehu, ta bar na aure a baya, alhali a can amsar take. Wannan ɗan giɓi shi ne ya hana masu ƙera ƙirƙirarriyar basira barci a 'yan shekarun nan, kuma maganin da da yawa suka koma gare shi tsohon tunani ne: a daina ajiye ilimi a matsayin tarin shafuka kawai, a ajiye shi tare da igiyoyin da suka ɗaure wannan da wancan.

Mai baki da ba ya cewa ban sani ba

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, mutane suka ga na'urar da ke rubutu kamar ta haddace duniya. Ainihin abin da irin waɗannan manhajojin harshe suka koya shi ne hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, bayan sun sha rubutu mai tarin yawa. Wannan ya ba su zalaƙa, amma bai ba su ma'ajiyar da za su koma su tabbatar da magana ba. Idan abin ya ɓace musu, ba sa yin shiru, sai su cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya.

A shekarar 2023 wasu lauyoyi a birnin New York suka gabatar wa kotun tarayya takarda a wata ƙara da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca. Takardar ta kafa hujja da shari'o'i shida da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙirƙiro su har da sunaye da lambobinsu. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000.

Wancan kuskuren baki ne, kuma mutum ne ya ɗauka ya kai kotu. Yanzu kuwa an shiga zamanin abin da ake kira wakilai: manhajojin da ba amsa kawai suke bayarwa ba, aiki ake ba su su aiwatar. Su buɗe fayil, su bincika ma'ajiya, su aika saƙo, su cike takarda, su yanke abin da za a yi a gaba bisa abin da suka gano. Wakilin da ya samo bayani gurgu a takin farko, duk abin da ya gina a kai zai karkace, kuma mai yiwuwa babu wanda ke duba shi a tsakiyar hanya. Shi ya sa nake ganin tambayar yadda wakili ke samo bayani ta fi tambayar yadda yake iya magana muhimmanci.

Maganin farko da inda ya tsaya

A 2020 masu bincike a sashen ƙirƙirarriyar basira na Facebook, Patrick Lewis da abokan aikinsa, suka wallafa dabarar da ta zama ruwan dare, wadda aka fi sani da RAG. Ma'anarta ita ce kafin manhaja ta buɗe baki, a fara ɗebo mata takardun da suka shafi tambayar, ta amsa daga cikinsu.

Yadda ake yi a yau shi ne a daddatsa takardu ƙanana-ƙanana, kowane gutsure sakin layi ɗaya ko biyu. Sai a mai da kowane gutsure jerin lambobi da ke nuna ma'anarsa, ta yadda gutsattsarin da ke magana kan abu ɗaya za su kasance kusa da juna a lissafi. Idan tambaya ta zo, ita ma a mai da ita lambobi, a kwaso gutsattsarin da suka fi kusa da ita, a miƙa wa manhajar.

Dabarar tana aiki ƙwarai idan amsar tana kwance a wuri ɗaya. Amma akwai tambayoyi iri biyu da ke kayar da ita. Na farko su ne masu taki-taki, irin wadda muka fara da ita. Na biyu su ne masu neman a dubi komai gaba ɗaya. Ka ce da ita, a cikin rahotannin asibitocin jiha na shekara guda, wace matsala ce ta fi maimaituwa? Babu sakin layin da ya yi kama da wannan tambaya, domin amsar ba ta cikin kowane rahoto, tana cikin taruwarsu.

Wani zai ce to a zuba mata takardun duka mana ta karanta. Ban da tsada, wani bincike da masana daga Jami'ar Stanford da wasu wurare suka fitar a 2023 ya nuna cewa idan aka ba waɗannan manhajoji dogon rubutu, sun fi riƙe abin da ke farko da ƙarshe, na tsakiya yakan suɓuce musu. Yawan takarda ba ya maye gurbin tsari.

Ƙulli da zare

Tsarin da ake nufi shi ne wanda masana lissafi ke kira giraf, ni kuwa a nan zan kira shi ragar alaƙa. Abu biyu ne kacal a cikinta: ƙulli da zare. Ƙulli shi ne abu, ko mutum ne ko gari ko kamfani ko magani. Zare shi ne alaƙar da ke tsakanin ƙulli biyu, kuma yana da suna: wane ya haifi wane, wane ya mallaki kaza, kaza yana cikin kaza. Kowane bayani sai ya zama kalma uku: mai yi, alaƙa, wanda aka yi wa.

Asalin wannan lissafi ya koma shekarar 1736. A birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, kogi ya raba gari kashi huɗu, gadoji bakwai suka haɗa su. Mutanen garin suna muhawara ko za a iya zagayawa a haye kowace gada sau ɗaya tak. Leonhard Euler ya watsar da tsawon tituna da fasalin unguwanni, ya bar abu ɗaya: wane yanki ne ke haɗe da wane, ta gada nawa. Da haka ya tabbatar ba zai yiwu ba, domin dukkan yankunan huɗu adadin gadojinsu mara ne. Darasin da ya bari shi ne wani lokaci amsa ba ta cikin abubuwa, tana cikin yadda suka haɗu.

Kamfanin Google a kan wannan ya ginu. A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka ɗauki shafukan intanet a matsayin ƙulle-ƙulle, mahaɗan da ke kai mutum daga shafi zuwa shafi kuma zare, suka ce shafin da manyan shafuka ke nunawa shi ma babba ne. A watan Mayu na 2012 kamfanin ya ƙaddamar da ragarsa ta ilimi, da abubuwa kimanin miliyan 500 da bayanai biliyan 3.5 game da su. Ɗan akwatin nan da ke fitowa a gefe idan ka nemi sunan wani shahararre, da ranar haihuwarsa da iyalinsa, daga can yake.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Takardun Panama a 2016. Takardu miliyan 11.5 suka fita daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, ɗauke da bayanan kamfanoni fiye da 214,000 da aka yi wa rajista a ƙasashen ɓoye dukiya. Duk hikimar irin waɗannan kamfanoni ita ce raba sunan mai dukiya da dukiyarsa: wannan kamfani mallakar wancan ne, wancan kuma daraktansa ɗan'uwan wani ne. Ƙungiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta duniya, wadda jaridar Premium Times ta Najeriya ta yi aikin tare da ita, ta zuba bayanan a ma'ajiyar raga mai suna Neo4j. Ɗan jarida sai ya taɓa suna ɗaya, zaruruwa su bayyana, ya bi su har inda suka tsaya. Cikin 'yan kwanaki da fara wallafa labaran, firaministan Aisland ya bar kujerarsa.

Malaman hadisi sun riga mu

Mai karatu da ya zauna gaban malami ya ɗauki Musɗalahul Hadisi ba baƙo ba ne a wannan fage. Isnadi kansa zare ne: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Imam al-Mizzi, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 742 bayan Hijira, ya tsara littafinsa Tahzibul Kamal kan maruwaitan manyan littattafan hadisi shida ta yadda a ƙarƙashin kowane mai ruwaya zai jero waɗanda ya karɓa daga gare su, sannan ya jero waɗanda suka karɓa daga gare shi. Duk mai rubuta manhajar kwamfuta da ya ga wannan tsari zai gane shi nan take, domin haka ake ajiye raga a na'ura: kowane ƙulli da jerin maƙwabtansa.

Har matsalar da ta fi wahalar da masu gina raga a yau sun yi fama da ita. Idan isnadi ya ce Sufyanu kawai, wanne ake nufi, as-Sauri ko Ibn Uyaina? Idan ya ce Hammadu, ɗan Zaidu ne ko ɗan Salama? Hanyarsu ita ce a dubi wanda ke sama da shi da wanda ke ƙasa da shi a silsilar, domin kowanne yana da malamai da ɗaliban da aka fi saninsa da su. Wato ana gane mutum ta wurin waɗanda yake haɗe da su. Kuma sun tsaya kan cewa magana ba ta da nauyi sai an san ta inda ta biyo. Waɗannan ka'idoji biyu, rarrabe masu suna ɗaya da kuma riƙe tushen kowace magana, su ne nake ganin duk wata raga ta kirki ta tsaya a kansu.

Yadda ake haɗa raga da manhajar harshe

A da, gina raga aikin hannu ne mai cin shekaru. Abin da ya sauya shi ne yanzu manhajar harshen da kanta za ta iya karanta takardu ta tsamo sunaye da alaƙoƙi.

A watan Afrilu na 2024 masu bincike na Microsoft, Darren Edge da abokansa, suka bayyana tsarin da suka kira GraphRAG, suka kuma sake shi kyauta ga kowa a watan Yuli. Matakinsa na farko shi ne manhaja ta bi gutsattsarin takardu ɗaya bayan ɗaya tana fitar da ƙulle-ƙulle da zaruruwa. Na biyu, a yi amfani da wani lissafi da masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka wallafa a 2019, wanda ke gano rukunonin da zaruruwa suka fi cunkushewa a tsakaninsu, ƙananan rukunoni a cikin manya. Na uku, manhajar ta rubuta taƙaitaccen bayani kan kowane rukuni tun kafin kowa ya yi tambaya. Idan aka zo da tambaya mai neman a dubi komai, sai a tambayi kowane taƙaitawa, a tattara amsoshin a fitar da guda. A gwajin da suka yi da rubutattun hirarraki da labaran jaridu, amsoshinsa sun fi na tsohuwar hanya cika da faɗi, ko da yake wata manhajar harshe ce aka sa ta yi alƙalanci, abin da ya kamata mai karatu ya sani.

A 2024 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio suka fitar da HippoRAG, wanda ya fuskanci tambayoyi masu taki-taki. Shi yana fara tafiya ne daga sunayen da ke cikin tambayar, ya bazu ta kan zaruruwa da irin lissafin nan na Page da Brin, ya ga waɗanne ƙulle-ƙulle ne hanyoyi suka fi taruwa a kansu, sannan ya ɗebo takardun da suka ambace su. Sun ba da rahoton cewa a wasu gwaje-gwaje ya zarce hanyoyin da ake da su da abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari.

Ga wakili kuwa, raga ta fi ma'ajiya, hanya ce da zai taka. A ce wakili ne a kantin magani, aka tambaye shi ko za a ba wani majiyyaci asfirin. Zai fara daga ƙullin majiyyacin, ya bi zaren magungunan da yake sha, ya tarar da wafarin, maganin hana daskarewar jini, ya bi zaren da ke cewa haɗa shi da asfirin na ƙara haɗarin zubar jini, ya dakata ya sanar da likita. Kalmar asfirin ba ta cikin fayil ɗin majiyyacin, sunan majiyyacin kuma ba ya cikin takardar maganin. Zare ne ya haɗa su. Mafi muhimmanci, likitan zai iya ganin takun da aka bi ɗaya bayan ɗaya, ya yarda ko ya ƙi.

Na ga ƙaramin misalin wannan da idona lokacin da na taimaka wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai ba mambobinta rance wajen mai da littattafanta cikin kwamfuta. Dokarsu ita ce ba a ba ka bashi sai wani mamba ya tsaya maka. Kowace takarda idan ka duba ta ita kaɗai, lafiya lau take: ga mai karɓa, ga mai tsayawa, ga sa hannu. Da muka zana wa ya tsaya wa wa, sai ga zobe ya fito: na farko ya tsaya wa na biyu, na biyu ya tsaya wa na uku, na ukun kuma shi ne ya tsaya wa na farko, dukkansu kuma da bashi a wuya. Ba wanda ya yi ƙarya, amma a haƙiƙa babu kowa a bayan kuɗin. Ma'ajin ƙungiyar, dattijo mai tsantseni, ya daɗe yana duban zanen kafin ya ce, "Ashe bango muka jingina da bango." Daga ranar suka sauya dokar.

Gaskiya ma tana da kwanan wata

Akwai abin da raga ke iya riƙewa wanda tarin gutsattsari ke kasawa, shi ne lokaci. Takardar da aka rubuta a 1985 za ta ce Dutse tana Jihar Kano, kuma ta yi gaskiya, domin sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Gusau tana Jihar Sakkwato har zuwa 1 ga Oktoba 1996. Na'urar da ke neman kamanni za ta kwaso tsohuwar takarda da sabuwa ta rasa wadda za ta bi. A raga kuwa ana iya rubuta wa kowane zare ranar da ya fara da ranar da ya ƙare. Wannan yana da amfani musamman ga wakilin da zai daɗe yana yi wa mutum aiki, wanda dole ya san cewa maigidansa ya sauya wurin aiki ko adireshi, ba tare da ya manta da na da ba.

Tsada da haɗari

Ba na son a ɗauka raga maganin kowace cuta ce. Ginata da tsada, domin sai manhaja ta karanta kowane gutsure, kuma kowace kalma kuɗi ce. Su kansu Microsoft sun fitar da wani sassauƙan tsari a watan Nuwamba na 2024, LazyGraphRAG, wanda suka ce kuɗin shirya shi kashi 0.1 cikin ɗari ne na GraphRAG, domin yana jinkirta babban aikin sai an yi tambaya. Idan kuma tambayoyinka masu sauƙi ne, irin su nawa ne kuɗin kaza, tsohuwar hanya ta wadatar.

Haɗarin da ya fi tsada girma shi ne zaren ƙarya. Manhajar da ke tsamo alaƙoƙi ita ce dai mai shaci-faɗin nan. Idan ta ɗaura zare inda babu shi, kuskuren ya samu gindin zama, kuma duk wakilin da ya biyo ta nan zai ɗauke shi da cikakkiyar amincewa. Shi ya sa ragar da ba ta nuna daga wace takarda da wane layi kowane zare ya fito ba, ban yarda a ɗora mata wani aiki mai nauyi ba.

Rabonmu a ciki

Matsalar masu suna ɗaya ta fi tsanani a wurinmu. Muhammadu Bello na Sakkwato da ya rasu a 1837 daban, Muhammadu Bello Sarkin Kano da rasuwarsa a 1893 ta buɗe ƙofar yaƙin basasa daban. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da ya sauka a 1963 kaka ne ga mai sunansa da aka naɗa a 2014. Ga sarautun da ke maye gurbin suna, a ce Waziri ko Galadima kawai, ga laƙabi, ga alkunya da ke hana a ambaci sunan ɗan fari ko na miji. Ga rubutun suna ɗaya ta hanyoyi da yawa, na boko mai ƙugiya da marar ƙugiya, na Ajami, na Larabci, da irin na Faransanci a Nijar. Na'urar da ba ta san mu ba za ta narkar da mutum biyu su zama ɗaya, ko ta tsaga mutum ɗaya ya zama huɗu, sannan ta ba jikokinmu wannan a matsayin tarihi.

Gyaran wannan ba zai zo daga Kalifoniya ba, domin ilimin da ake bukata yana nan a kawunan malamanmu da ma'ajiyoyinmu: Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Kuma akwai ƙofa a buɗe. Wikidata, wadda aka kafa a watan Oktoba na 2012, raga ce ta kowa da kowa mai abubuwa fiye da miliyan 100, inda kowane abu ke da lambarsa da ba ta rikicewa da ta wani: Nijar Q1032, Najeriya Q1033. Kowa na iya shiga ya ƙara suna da Hausa, ya jero sauran sunayen da ake kiran mutum da su, ya ɗaura zare, ya kuma rubuta littafin da ya samo shi. Masu gina manhajoji a duniya suna ɗiba daga can.

Ina kira ga sassan tarihi da na Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, daga Bayero zuwa Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Abdou Moumouni ta Yamai, su ɗauki wannan a matsayin aikin haɗin gwiwa. Ɗalibin da ya ɗauki masarauta ɗaya, ko zuriyar malamai ɗaya, ko marubutan gari ɗaya, ya tantance wane ne wane, ya sa shekaru, ya kafa hujja da shafi, ya yi aikin digiri da za a ci gaba da amfani da shi bayan an manta da makin da ya samu. Wakilan nan suna tafe, za su shiga bankunanmu da asibitocinmu da makarantunmu, kuma abin da za su faɗa game da mu shi ne abin da muka ɗaura da hannunmu, ko abin da suka cike da hasashe inda muka bar gurbi.